Kifi maharbi a tankin gilashi: karanta wannan kafin ka tura kuɗi



Yau za mu ɗan ajiye maganar tarwada da kaji gefe guda. Tun da bidiyon nan ya zagaya, wanda kifi ke leƙowa ta saman ruwa ya tsarto wa ƙwaro ruwa daga kan ganye, ƙwaron ya faɗo ya cafke, ake ta turo min tambaya. Wasu cewa suke haɗin kwamfuta ne. Wani bawan Allah kuma har ya samu mai sayarwa a kudu, an ce ya tura kuɗi a sako masa a mota, yana tambayata ko zai iya zuba su a robar da yake renon 'ya'yan tarwada. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don in ya saya a yadda ya shirya, asara zai yi. Na sani ne saboda ni ma na yi ta.

Kifin gaske ne, ba haɗi ba ne. Masana suna kiransa Toxotes jaculatrix, kuma kalmar farko a Girkanci tana nufin mai harbi da baka. Ni dai kifi maharbi nake ce masa. An rubuta bayaninsa a kimiyyance tun 1767. Ba kifin Afirka ba ne. Gidansa bakin tekun Indiya, Tailan, Malesiya, Indunusiya, Filifin, har zuwa arewacin Ostareliya da tsibiran da ke gabas da ita. Fari ne kamar azurfa, da baƙaƙen zane huɗu zuwa biyar da suka sauko daga gadon bayansa, faɗi a sama, tsini a ƙasa. Bayansa a miƙe yake daga baki har zuwa fiffiken baya, bakin yana kallon sama, idanu manya. Kana ganinsa ka san halittar saman ruwa ce. A daji yakan kai santimita 30, a tanki kuwa yawanci tsakanin 15 da 20 yake tsayawa. Waɗanda ake sayarwa ba su fi tsawon yatsa ba, kuma nan ne mutane suke ruɗuwa su sayi ƙaramin tanki.

Yadda yake harbin kuwa, a ganɗarsa akwai wata siririyar kwari kamar magudana. Sai ya danna harshensa a jikinta ta zama bututu, sannan ya matse murfin nan na gefen kansa da muke ce wa kunnen kifi, ruwa ya fita da ƙarfi. Babba yakan sauko da ƙwaro daga nisan mita ɗaya zuwa biyu. Abin da ya fi burge ni ba ƙarfin ba ne, saitin ne. Ka saka cokali a kofin gilashi mai ruwa, za ka ga kamar ya karye a daidai saman ruwan, don haske yana lanƙwasa in ya tsallaka daga iska zuwa ruwa. To shi kifin idanunsa suna cikin ruwa, ƙwaron yana waje, wato inda yake hango shi ba nan yake ba. Duk da haka yana gyara lissafinsa ya same shi. Binciken Stefan Schuster da abokan aikinsa a Jamus ya nuna har sarrafa ruwan yake yi: wanda ya fito daga baya ya fi na gaba gudu, sai su taru su zama dunƙule guda daidai lokacin da za su daki ƙwaron. A 2016 kuma masu bincike daga jami'ar Oxford da ta Queensland suka koya wa wani ɗan uwansa, Toxotes chatareus, tsarta ruwa a hoton fuskar mutum guda, ya riƙa zaɓo ta daga cikin sababbin fuskoki 44, yana dacewa kusan kashi 81 cikin ɗari. Ikon Allah. Ƙanana ba su iya saiti sosai ba, da girma da yawan gwaji suke ƙwarewa, don haka kar ka ce an cuce ka in naka yana kuskure a watannin farko.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato ruwa.

Wannan kifin yana zaune ne a inda kogi ke haɗuwa da teku, cikin saiwoyin itatuwan mangurof. Irin wurin muna da shi a yankin Neja Delta, sai dai shi kifin babu shi a can. Ruwan wurin ba na kogi ba ne zalla, ba kuma na teku ba, tsaka-tsaki ne. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kamar giram 35 a kowace lita. Abin da maharbi yake so a tanki kamar giram 7 zuwa 14 ne a lita, wanda a ma'aunin da ake kira haidiromita zai nuna maka 1.005 zuwa 1.010. Ƙanana sukan jure ruwan daɗi na wani lokaci, shi ya sa za ka tarar da su a shago cikin ruwan famfo suna iyo lafiya lau, mai shago ya ce maka ai ba sa buƙatar komai. Ni ma haka aka ce min. Wata uku ban ga matsala ba. Daga nan sai launinsu ya fara duhu, idon ɗaya ya yi fari-fari kamar yana, suka rage cin abinci. Sai da na koma na yi karatu sosai na gane gishiri ne babu.

Kuma don Allah ba gishirin miya ba. Ba kuma kanwa ba, ba manda ba, ba ruwan rijiya mai zartsi ba, duk da na san wani zai ce ai rijiyarsu ɗanɗanon gishiri gare ta. Abin da ake buƙata shi ne gishirin teku na musamman da ake haɗawa don tankin kifi, mai ɗauke da kalsiyam da maganiziyam da sauran sinadaran da ke riƙe ruwa kar ya yi tsami. Ma'aunin pH ya zauna tsakanin 7 da 8. Gishirin da muke watsawa a kududdufin tarwada in sun ji rauni, wancan magani ne na ɗan lokaci. Wannan kuwa muhallin da kifin zai rayu a ciki ne har ƙarshen ransa. Kafin ka sayi kifin, ka tabbatar ka san inda za ka riƙa samun gishirin nan duk wata. A arewa ba kowane shago ke da shi ba, yawanci sai an yi oda.

Akwai wani abu da ya kamata ka duba a shagon. Maharba kala-kala ne, kuma masu sayarwa suna haɗa su da suna ɗaya. Toxotes chatareus yana da ƙananan ɗigo a tsakanin manyan tabbansa, shi ma yana son ɗan gishiri amma ya fi haƙuri da ruwan daɗi, ya kuma fi girma. Akwai Toxotes blythii na ƙasar Bama, mai zane a kwance kamar an yi masa rubutu, wanda shi kifin ruwan daɗi ne zalla. In da zan sake farawa, kuma na samu wannan na Bama, shi zan ɗauka in huta da sayen gishiri. Namu mai zane a tsaye in ka ƙirga ƙayoyin da ke gaban fiffiken bayansa huɗu ne, na chatareus biyar. Ka sa a turo maka hoto na kusa kafin ka biya.

In sun zo maka a ruwan daɗi, kar ka juye su cikin ruwan gishiri rana ɗaya. Ka fara da irin ruwan da suka saba, sannan duk mako in za ka canza ruwa ka ƙara gishiri kaɗan, ma'aunin ya hau kamar 0.002 a mako, har ka isa inda kake so. Ba don kifin kaɗai ba, har don ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin filta, waɗanda canjin gaggawa ke kashewa. Kuma a bokiti ake narkar da gishirin a auna, ba a zuba shi garinsa cikin tanki.

Tankin da zan ba da shawara shi ne mai tsawon santimita 150, faɗi 60, tsayi 60, don kifi huɗu zuwa biyar. In an cika shi lita 540 ke nan, amma ba a cikawa. Ka tsayar da ruwan a santimita 40, wato lita 360, ka bar 20 a sama fili. A wannan filin za ka jera rassa ko ganyen roba inda ƙwari za su sauka, domin in babu sarari a sama, to ka sayi maharbi ne ka ƙwace masa baka. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ka haɗa da gilashi da yashi, kana maganar kusan rabin tan, don haka teburin falo ba zai ɗauka ba. A yi masa tsayayyen ƙarfe mai fenti sosai, don gishiri na cin ƙarfe, ko a gina masa dandamali da bulo.

Ga lissafin gishirin, tunda mu 'yan kasuwancin noma ba ma son a fara abu ba a buga ba. Lita 360 sau giram 7, kilo biyu da rabi ke nan a zubin farko. Duk mako za ka canza kwata, lita 90, wanda ke cin giram 630. A wata kana ƙara kashe kilo biyu da rabi. In ka kai gishirin 1.010, ka ninka. Ka tambayi farashin buhu ka buga da kanka.

Murfi dole ne, kuma wanda ya rufe ruf. Kifin nan ba harbi kaɗai ya iya ba, in ƙwaro ya yi kusa tsalle yake ya kamo shi da baki. Na farkon da na rasa ke nan. Na ɗaga murfi na ba su abinci da daddare, aka kira ni a waya, na fita na manta. Da asuba na tarar da shi a bayan kujera ya bushe. Ban da wanda zan ɗora wa laifi sai kaina. Murfin raga mai ƙananan ido ya fi min gilashi a yanayinmu, don iska tana shiga, ƙwari kuma ba sa fita. Sannan ka nisantar da soket da waya daga saman tankin, fitilar kuma ta zama mai rufi. Duk abin da ya yi ƙyalli ko ya motsa a sama sai sun harbe shi, ni har tabarauna sun sha jiƙawa, kuma ruwan gishiri da lantarki ba sa ga maciji.

Masu tarwada, a nan sai kun ɗan sauke abin da kuka saba. Tarwada tana shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take jure ruwan da ya yi wari, ka zo ka zubar ka cika sabo, shi ke nan. Maharbi ba shi da wannan gatan. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce, kuma gubarta tana ƙaruwa in ruwa ya yi ɗumi kuma pH ya yi sama, wato daidai irin ruwan da maharbi yake so. Bakteriyar da ke zaune a soson filta ita ke mayar da amoniya naitirait, wata kuma ta mayar da naitirait naitiret, wanda ke da sauƙin illa, shi ne kake ragewa da canjin ruwan mako-mako. Kafin bakteriyar nan ta kafu ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Saboda haka tanki ake fara haɗawa, filta tana aiki dare da rana, kana jefa ɗan abinci yana ruɓewa a ciki, kana gwadawa da kayan gwaji har amoniya da naitirait su nuna sifili. Sannan a kawo kifi. Soson filta kuma da ruwan da ka ɗebo daga tankin ake ɗauraye shi, ba a famfo ba, ba da omo ba. In ruwan gwamnati kake amfani da shi a sa masa maganin kashe kulorin. Ruwan burtsatse ya fi sauƙi, sai dai a gwada pH ɗinsa. A ƙasan tankin yashi wankakke ya isa, in ka gauraya da dakakken bawon kifin teku zai taimaka wajen riƙe pH.

Wata ɗabi'a da muka ɗauko daga ɗakin kaji ita ce da an ga dabba ta yi laushi sai a kaɗa mata antibayotik a ruwa. Kar ka yi wannan a tankin gilashi. Maganin zai kashe bakteriyar filta, amoniya ta tashi, ka rasa har masu lafiyar. In kifi ya canza, ruwa za ka fara gwadawa.

Ɗumin da yake so digiri 25 zuwa 30 ne. Mutum zai ce ai mu nan zafi gare mu, an gama. A'a. Da hunturu ruwan tanki a ɗaki yakan sauka ƙasa da 20 da asuba, kuma wannan ya isa ya sa su daina cin abinci, cuta ta samu ƙofa. Ana buƙatar hita mai kashe kanta, kamar wat 300 ga tankin da na ambata. Da bazara kuma matsalar ta juye: ruwa ya haura 32, iskar da ke cikinsa ta ragu, ga shi dama ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba. Ni ƙaramar fanka nake saitawa tana kaɗa saman ruwan ta cikin raga, in ƙara dutsen iska. To amma fanka da iskar hunturu duk suna shanye ruwa, kuma ga ƙa'idar da mutane ke mantawa: ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. In ka ga ruwa ya ragu, da ruwan daɗi zalla za ka cike gurbin. In ka cike da mai gishiri, kullum gishirin hawa yake ba ka sani ba. Ka sa alama da maka a jikin gilashi daidai inda ruwan ya kamata ya tsaya.

Maganar wuta kuwa kun san halin da ake ciki. In filta ta tsaya awanni da yawa bakteriyar ciki tana fara mutuwa. Wanda ba shi da sola ko inbata, gaskiya ban ba shi shawarar wannan kifin ba. Mafi ƙaranci a samu injin iska mai caji.

Abinci shi ne ɓangaren da muka fi masu kiwonsa a Turai sa'a, don su sayen gyare suke a kwali, mu kuwa ga shi nan a tsakar gida. Gyare, ƙananan fara, ƙuda, shinge da farkon damina, tsutsar baƙin ƙudan nan da wasunku ke kiwatawa don kaji, duk suna ci. Ana ƙara musu da yankakken jatan lande. Abinci mai nitsewa ba su cika binsa ƙasa ba, don haka in za ka koya musu felet ya zama mai yawo a sama, ƙarami, mai furotin sosai, kuma yana da kyau su koya, saboda akwai watannin da ƙwari ke wuya. Manya sau ɗaya a rana ya isa, ƙanana sau biyu, abin da za su cinye cikin minti biyu zuwa uku. In kana son ganin harbi, ka saki gyare a kan rassan ka rufe, ko ka manna ɗan jiƙaƙƙen jatan lande a jikin gilashi sama da ruwa. Ka fara da kusa, kana ɗagawa a hankali. Za ka lura wanda ya yi harbin ba lallai shi ne zai ci ba. Kafin ƙwaron ya taɓa ruwa sauran sun riga sun lissafa inda zai faɗo sun nufi wurin. Shi ya sa in kana ciyarwa ka tabbatar ƙaramin cikinsu ma ya samu.

Amma wannan sa'ar tamu ita ta kashe min na biyu. Wani yamma aka yi feshin maganin sauro a gidan, na rufe tankin da bargo kamar yadda na saba. Washegari ƙanena, da niyyar taimako, ya tsinto kyankyasai biyu da suka yi laushi a bakin ƙofa ya jefa musu. Babban cikinsu, wanda ya fi kowa saiti, shi ya haɗiye. Kafin azahar yana juyi a kife, la'asar ba ta yi ba ya mutu. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Tun daga nan dokata ita ce ƙwaron da ban san daga inda ya fito ba, ba ya shiga tanki. Ƙwaron da ka kama cikin sauƙi ma shi ne abin zargi. Fara daga gonar da aka yi wa feshi, a'a. Soyayyar fara ta kasuwa mai yaji da gishiri, wannan taka ce, ba tasu ba. Yanzu a roba nake kiwon gyarena da dusa da kwalin ƙwai. Ɗakin da tankin yake kuma ba a fesa komai, ba a kunna maganin sauro na hayaƙi, ba a ɗiga fiya-fiya. Gidan sauro muke sakawa.

Game da zama da juna, ko ka ajiye ɗaya tal, ko huɗu zuwa sama masu girma ɗaya. Biyu ko uku ne matsala, don babba zai tasa ƙarami a gaba da kora har ya rame. Duk kifin da zai shiga bakinsa abinci ne, kuma bakin ya fi yadda kake zato buɗewa, ƙananan kifayen ado irin su gofi ba za su kwana ba. Abokan da suka dace su ne na ruwan tsaka-tsaki masu girmansa, kamar Monodactylus sebae, wani faffaɗan kifi mai launin azurfa da ke bakin tekun Afirka ta Yamma, har da namu na Najeriya. Sai dai shi ma yana girma, ga haɗama, don haka ƙara shi na nufin ƙara tanki. Gwalfish da tarwada da karfasa kuwa kar ma a fara. Suna da saurin firgita in an kunna fitila kwatsam cikin duhu, har su doki murfi, saboda haka ka fara kunna ta ɗaki kafin ta tanki.

Saura tambayar da na san tana ran da yawanku: akwai kuɗi a ciki? In nufinka ka sayi iyaye ka riƙa ƙyanƙyasa kamar tarwada, amsar ita ce a'a. Da ido ba a bambance mace da namiji, kuma ba kifin da ke hayayyafa a tankin gida ba ne. Yawancin waɗanda ke kasuwa kamo su aka yi daga Asiya aka sako a jirgi, shi ya sa suke da tsada, kuma duk wanda ya mutu a hannunka sai an sake kamo wani. Inda na hango ɗan abin samu shi ne haɗa tanki da kula da shi ga otal, ofis ko makaranta, a riƙa biyanka duk wata, don kifi ne da ke tara mutane, kuma in an kula da shi yakan wuce shekara biyar. Wannan ma sai ka riƙe naka shekara guda ba mutuwa kafin ka karɓi kuɗin wani.

Shi kuma ɗan uwan da ke shirin tura kuɗi, abin da na ce masa shi ne ya dakata mako shida. Ya haɗa tanki, ya sayi haidiromita da kayan gwajin ruwa da gishirin wata uku, ya fara kiwon gyare. Ya tambayi mai sayarwa ma'aunin gishirin ruwan da kifin ke ciki yanzu, da abin da suke ci, ya kuma nemi bidiyonsu suna cin abinci a ranar. In za a sako su, a sako a leda mai iskar oksijin cikin kwalin kumfa, a motar dare, shi kuma ya je tasha da kansa ya tarbe su kafin rana ta ɗaga.